Abin da Muka Tarar a Cikin Adaka: Lifidi, Luru da Tsofaffin Rigunan Iyayenmu



Bayan Babbar Sallar da ta wuce aka kira mu rabon gado a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen unguwar nan. Mamacin dattijo ne, ya haura saba'in, a nan Sabo aka haife shi, a nan ya yi fataucin goro har ƙarfinsa ya ƙare. Allah Ya jiƙansa. An lissafa gida, an lissafa rumfar kasuwa da ɗan abin da ke banki, sai aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ana buɗewa warin kafur ya cika ɗakin. A ciki akwai manyan riguna uku, da luru ɗaya, da wani abu mai kauri kamar yankin katifa, an ɗinke shi layi-layi, launinsa duk ya koɗe.

Babban ɗan mamacin ya ce, "Malam, wannan ai tsumma ne. A ba almajirai ko a zubar." Har an tura shi gefe da ƙafa, sai uwargidan marigayin ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam, kada a zubar. Na dokin kakan maigidan nan ne."

Kwana biyu da wannan sai ga wani saurayi cikin masu sayen kayan gargajiya, ya ce a sallama masa duk abin da ke cikin adakar, ya yi tayin kuɗin da ko shadda yadi goma ba za su saya ba. To mu 'yan kasuwa ne. Mun san duk wanda ya yi sammako don ya sayi tsumma, ya hango abin da mai tsumman bai hango ba. Ga shi kuma cikin magada akwai yara biyu da ba su balaga ba, 'ya'yan amarya. Tufafin mamaci dukiya ce kamar sauran dukiya, sai an ƙiyasta ta a kan kimarta ta gaskiya kafin a raba. In aka yi kyauta da riga a kan tsumma ce alhali tana da daraja, haƙƙin maraya aka ci, ko da ba a sani ba. Sai muka ce albarka, muka dakatar da rabon adakar har a yi bincike. Abin da muka samo a wannan bincike shi muke so mu shimfiɗa a nan, don mun tabbata irin wannan adaka ba a gida ɗaya take ba.

Lifidi

Abin nan mai kama da katifa ashe yankin lifidi ne, wato rigar yaƙin doki. Yadda ake yin sa shi ne a shimfiɗa tufa biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da allura ana ɗinkewa layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. In an gama a lulluɓe doki da shi tun daga wuya har kusan gwiwa, mahayin ma ya sa nasa, ya ɗora kwalkwali a ka. Kibiya in ta faɗa cikin wannan auduga sai ta maƙale, dafinta bai kai ga fata ba.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin sarakunan Hausa. Ke nan abin ya haura shekara 600 a ƙasarmu. Ba mu kaɗai muke da shi ba. Turawan Ingila da suka isa Kukawa a 1823 sun ga dawakin Barno da na Bagarmi cikin shigar yaƙi irin wannan, har suka zana su a littafinsu. Mayaƙan Mahadi na Sudan ma sun yi amfani da shi, kuma bayan yaƙin Omdurman na 1898 an kwashi wasu an kai gidajen tarihi na Ingila, suna can har yau.

'Yan lifida su ne garkuwar sarki a fagen fama. Amma lifidi yana da aibi biyu. Yana da nauyi, doki ba ya daɗewa yana sukuwa da shi. Kuma audugar rimi ba ta ga maciji da wuta, shi ya sa abokan gaba kan harbo kibiya mai wuta. Abin da ya kashe kasuwarsa gaba ɗaya shi ne bindigar Nasara. Ranar da aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sannan Sakkwato a watan Maris, aka gane auduga ba ta tare harsashi. Daga nan lifidi ya bar fagen yaƙi ya koma ado, sai a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau ake ganin 'yan lifida sun jeru.

To me ya kawo lifidi Badun, garin da ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi ƙarko? Amsar tana cikin tarihin zuwan iyayenmu.

Yadda kayan suka biyo mu Kurmi

Kafin jirgin ƙasa, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja yake zuwa. Fatake kan tashi da jakuna su yi watanni a hanya zuwa Salaga, su kai turkuɗi da kanwa da fatu, su komo da goro. Da Turawa suka karya Asante a 1874, sannan rikici ya tashi a Salaga a 1892, wannan hanya ta yi rauni. Ana cikin haka sai manoman ƙasar Yarbawa suka shiga dasa irin goron Gwanja a wajen Agege da Ota da Shagamu. Har yau Yarbawa "gbanja" suke ce masa, sunan ya nuna asalinsa. Jirgi ya iso Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano a 1912. Shanu suka riƙa gangarowa, goro yana haurawa. A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa tamu ta Sabo.

Mutumin da ya baro gida a wancan lokaci ba zai ɗauko gona ba, ba zai ɗauko rumbu ba. Abin da ke shiga adaka shi ne ke biyo shi: Alƙur'ani cikin gafaka, takobin uba, rigar da aka gada, da lurun rufa. Riga a lokacin banki ce. Ana jinginar da ita in jari ya karye, ana biyan bashi da ita, maigida kan tuɓe ta ya ba yaronsa ranar da ya yaye shi. Don haka tsohuwar riga a gidan Sabo ba tufa ba ce kawai, shaida ce ta daga ina aka fito da kuma wa aka bauta wa.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin abu iyayenmu suka ɗauko. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa har Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, har Tambutu ta yamma, ya kuma ƙiyasta abin da ake sayarwa waje a shekara da wuri miliyan 300. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan tana aiki. Garin Kura kuwa shi ne gidan turkuɗi da rawanin ɗan Kura, wanda ake bugawa da shuni har ya riƙa walƙiya, Buzaye su saye shi da tsada.

Rigunan uku da lurun

Da muka baje rigunan a tabarma muka kira wani tsohon maɗinki na unguwar nan wanda ya koyi sana'a a Zariya. Bai ko taɓa su ba ya fara kiran sunayensu.

Ta farko saƙi ce, baƙa mai ɗigon fari kamar jikin zabo. Yarbawa suna da irinta, suna ce mata "etu", wanda a harshensu ma zabo yake nufi. Ta biyu tsamiya ce, mai launin ƙasa-ƙasa. Zarenta daga gidan wata tsutsa ake samunsa, a dafa da toka, a kaɗa da hannu. Yarbawa na ce mata "sanyan", kuma ita ce babbar tufar sarakunansu. Ta uku fara ce, amma an yi mata shafi da jan alharini a ƙasa da bakin hannu. Shi wannan alharini ragowar masaƙun Turai ne, ana rina shi a arewacin Afirka, ayarin raƙuma su ƙetaro da shi Sahara zuwa Kano, daga Kano ya gangara Nupe da Ilori. Tufar da Yarbawa ke kira "alaari" daga wannan kalma ta samo suna. Haka "dansiki" ɗan ciki ne namu. Kun ga tun kafin a yanka Sabo, tufa ta riga mu zama a ƙasar nan.

Aikin da ke gaban saƙin aska takwas ne, ga tambarinsa a ƙirjin dama da kuma baya. Maɗinkin ya tuna mana abin da da yawa ba su sani ba, cewa masu zana aikin riga a da galibi malamai ne da almajiransu, don hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ya iya fitar da layi. Malam ya zana da tawada, masu allura su bi, riga ɗaya ta ci watanni. Bida ta yi suna ƙwarai a wannan aiki, shi ya sa ake jin rigar Nupe a bakin tsofaffi.

Lurun kuwa saƙar ƙasar Kano ce, farin zaren auduga mai kauri da ratsin baba, ƙwarya-ƙwarya aka saƙa aka haɗe. A wani gidan kuma, da labari ya bazu, aka fito mana da sakala, bargon gashin tumaki irin wanda Fulanin Masina ke saƙawa a ƙasar Mali. 

Yadda ake gane shekarun tufa

A nan ne muka fi ƙaruwa, kuma muna roƙon matasa su riƙe waɗannan.

Na farko, a duba zare. Zaren da mata suka kaɗa da mazari ba ya tafiya daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, in ka ɗaga tufar a rana za ka gani. Zaren inji kuwa sumul yake daga farko har ƙarshe.

Na biyu, a auna faɗin ƙwarya. Masaƙar maza siririyar ƙwarya take fitarwa. Ta turkuɗi ba ta wuce faɗin yatsa ba, ta saƙar Yarbawa irin ta Iseyin kamar faɗin tafin hannu, ta luru ta fi su duka. Yawan ƙwaryar da ke cikin riga shi ne tsadarta a da. In kuma tufar faffaɗa ce ba haɗi da yawa, to masaƙar mata ce ta tsaye, ko kuwa ta inji.

Na uku, rini. Baban marina yana shiga zare a hankali, yana kuma koɗewa a hankali, ya bar shuɗi mai taushi. Rinin kanti sai a 1856 wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya gano na farkonsa, baba na inji kuma sai a 1897 Jamusawa suka fara sayar da shi. Don haka launi mai ƙyalli irin na kanti yana nuna tufar ba ta riga waɗannan shekaru ba.

Na huɗu, ɗinki. Ɗinkin hannu taku-taku yake, ba ya zama daidai. Na keke a jere yake kamar an auna. A juya rigar a duba ciki, nan gaskiya take, don wani lokaci akan yi shafi da akoko wanda har tambarin masaƙar Manchester bai gama gogewa ba.

Amma fa a yi hattara. Waɗannan alamu abin da suke iya faɗa shi ne "ba ta riga shekara kaza ba." Zaren hannu kaɗai ba ya tabbatar da tsufa, don kakanninmu mata a ƙauyuka sun ci gaba da kaɗi har bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Kuma tsohuwar riga ana iya yi mata sabon maho. Yankin lifidin nan namu haka yake: jikinsa saƙi ne da jan mulufi, ɗinkin hannu, cikinsa audugar rimi, amma a gefe ɗaya an yi masa faci da atamfa, da keke. Wanda ya dubi facin kaɗai zai ce na jiya ne.

Shi ya sa na biyar ya fi duka, wato bakin mutane. Mu da muka zauna gaban malamai a Islamiyya mun san hadisi yana da matani yana da isnadi. Tufar ita ce matani. Isnadinta shi ne wa ya ba wa, wa ya ji daga wa. Muka koma wurin uwargidan nan muka ce, "Hajiya, daga bakin wa kika ji?" Ta ce daga surukarta, uwar mijinta. Ita kuma daga mijinta, wanda ya gangaro da shanu yana saurayi. Shi kuma ubansa baran wani hakimi ne a ƙasar Kano, cikin 'yan lifidansa yake. Da zamani ya juya aka yanka lifidin, 'ya'ya suka raba, kowa ya riƙe yanki. Shi wannan da ya zo Kurmi, da nasa yake shimfiɗa a kan hanya. Muka rubuta haka, da sunan kowa, da ranar da aka faɗa mana. Hajiya ta kusa saba'in. Da an zubar da tsumman nan a ranar, ko da ita ta riga mu gidan gaskiya kafin a tambaye ta, shi ke nan, babu mai sake sanin wannan.

Yadda wasu suka yi da nasu

Ba mu kaɗai ke cusa auduga tsakanin tufa biyu ba. A Sisili an yi wani babban bargo irin wannan a ƙarshen ƙarni na 14, yankinsa yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. A ƙasar Sindh ta Pakistan mata na haɗa ƙyallaye su yi bargon da suke kira "ralli", a Bangal kuma "kantha". Amma waɗanda suka fi mayar da hankali kan tara irin waɗannan barguna da bin asalinsu su ne Amurkawa.

Akwai wata baƙar fata, Harriet Powers, an haife ta cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta rasu a 1910. Ta haɗa wani bargon ƙyallaye wanda aka nuna a wata kasuwar baje koli a 1886. Wata malamar zane ta nemi saye, ta ƙi. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa, ta kawo shi tana neman dala 10, aka ba ta 5, ta sallama. Amma kafin ta tafi ta bayyana ma'anar kowane yanki, mai sayen kuma ta rubuta. Yau bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, kuma saboda wannan rubutu ne aka san sunanta. Dubban mata irinta sun yi irin aikin, babu wanda ya rubuta, sunansu ya ɓace.

A 1981 wasu mata a jihar Kentaki suka fito da wata dabara. Sukan sa rana a gari, kowa ya kawo tsohon bargon gidansu, a auna, a ɗauki hoto, a rubuta wa ya ɗinka da yaushe da kuma yadda ya zo hannunsa, sannan mai kaya ya koma da kayansa. Sauran jihohi suka kwaikwaya. A 1997 kuma aka kafa cibiya sukutum ta barguna a jami'ar Nebraska. To in mutane za su yi wannan a kan abin rufar sanyi, ina ga mu da namu ya tare kibiya?

Wani zai ce ajiye tsohuwar tufa aikin Nasara ne. A'a. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta ajiye jubbar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta karɓa bayan rasuwar Nana A'isha, kuma tana faɗin daga hannun wa ta zo. Ga tufa, ga isnadi.

Abin da muke roƙo

Da farko, masu rabon gado, mu da 'yan uwanmu limamai, kada mu ƙara ƙiyasta tsohuwar tufa da ido. A kira wanda ya sani. In magada sun yarda su bar ta a gida, a ƙiyasta ta a sa cikin rabon wanda zai riƙe, kowa ya san haƙƙinsa ya fita. Haka aka yi a gidan da muka ambata: babban ɗan, wanda ya ce a zubar, shi ne ya karɓi lifidin da saƙin a cikin rabonsa, aka cika wa ƙannensa da kuɗi.

Na biyu, ba mu ce sayarwa haramun ba ce. Mai kaya yana da ikon kayansa, masu sayen kayan gargajiyar nan ma 'ya'yanmu ne, abinci suke nema. Amma a san abin da ake sayarwa, a kuma rubuta tarihinsa kafin ya fita. A sani kuma dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannun da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fitar da shi waje sai da izini. Kada neman riba ya jefa yaro cikin wahala.

Na uku, ajiya. Badun ba Kano ba ce, damina a nan doguwa ce, laima tana shiga ko'ina. Leda tana riƙe gumi ta jawo fumfuna, don haka a naɗe tufar cikin farin ƙyallen auduga. A ɗaga adaka daga ƙasa saboda gara. In hunturu ya shigo a fito da kayan a shanya a inuwa, ba a rana ba, a sake ninkewa ta wani wuri dabam don kada karin ya tsage. Kada a wanke da sabulun gari ko ruwan bilic, kada kuma a rataye riga mai nauyi a ƙusa.

Na huɗu, mun sayi babban littafi mai bango, yana wurinmu a makarantar Islamiyya. Duk ranar Lahadi bayan sallar La'asar, wanda yake da tsohuwar riga, ko luru, ko gwado, ko zane, ko rawani, ya kawo. Ɗalibai za su auna, su ɗauki hoto da waya, su rubuta abin da aka sani, mai kaya ya koma da abinsa. Ba saye, ba sayarwa. Iyayenmu mata da ba sa fita, 'yan mata ɗalibai za su same su a gida, don mun lura labarin adaka ya fi zama a bakinsu. Zuwa yanzu gida bakwai sun kawo.

'Ya'yanmu da yawa a nan aka haife su, wasu Yarbancinsu ya fi Hausarsu, in ka tambayi yaro garin kakansa sai ya ce Arewa kawai. Ku zo da su ranar da za ku kawo kayan, su ji da kunnensu. Ku kuma tambayi tsofaffinku yau, kada ku bari sai ranar rabon gado.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum.